Bikon Nomau a Cikin Tele

Shafi na 23

Salamu alaikum. Masu damuna da "ina ci gaba, ina ci gaba", na gan ku. Ni rubutu ba sana'ata ba ce. Fata nake saye a mahauta, sai hannuna ya bushe nake taɓa waya. Ke kuma da kika rubuto wai in kashe Alhaji Abdurrashid a hatsarin mota, ba zan kashe shi ba. Mutumin bai cuci kowa ba, aure ya nema.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke, ba zan maimaita ba.

Nomau nama yake gasawa a bakin tashar Ajame a birnin Abijan. Mutum ne marar magana, ko ciniki da yatsa yake yi. Matarsa Zalihatu ta gaji, wata rana ta ce masa ko ya yi mata magana ko ya sake ta. Ya duba biyun, ya ɗauki wadda ta fi gajarta. Saki ɗaya. Ta koma gidan wanta Ja'afaru a unguwar Tireshbil.

Sai wani darakta mai cin nama a wurinsa ya ƙyalla ido a fuskarsa, ya sa shi a fim ɗin leƙen asiri da ake nunawa a tele duk Lahadi. A ciki Nomau ɗan leƙen asiri ne da ya kafa tukuba a ƙofar gidan minista, kullum yana shiga rumfar waya ya kira iyayen gidansa na ƙetare. Darakta ya ce ya yi yarensu, duk abin da ya zo bakinsa, su za su rubuta Faransanci a ƙasa.

Shi kuwa da ya ɗauki wayar, sai ya kira Zalihatu.

Abijan tana karanta makamai da juyin mulki, Hausawa suna jin biko. Jiya Lahadi kuma ya faɗi maganar da ta tsayar da komai, alhali Juma'ar nan za a ɗaura wa Zalihatu aure da Alhaji Abdurrashid mai shigo da tangaran. Ja'afaru ya aika a kira shi. Mu je.

*

Bai hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, ba, don a mota mutane sun fi zuba masa ido. Ya gangara unguwar Filato ya shiga jirgin ruwa.

La'asar ta yi sanyi. Ruwan lagin, tafkin da ya ratsa birnin, ya kwanta luf, rana ta zuba a kai kamar man shanu. Nomau ya jingina kai da ƙarfe, injin yana kaɗa masa haƙora, ido ya fara lumshewa.

Sai ya ga shanu. Farare, suna fitowa daga wajen mahauta suna tafiya a kan ruwa, ba wanda aka yanka, duk sun nufi arewa. A kan na gaba akwai mace da zane ruwan ɗorawa. Ta ba shi baya. Ya san bayan.

"Shi ne."

"Ba shi ba ne. Wancan ya fi tsawo."

"Tele tana ƙara tsawo."

Wasu maza biyu ne a bayansa, da Faransanci. Faransancin kasuwa dai Nomau yana ji.

"Fim ɗin nan shi ne gaskiya. A buɗe ido. Ka san abin da mai naman unguwarku yake ji in kana ci kana surutu?"

"Ƙarya ce zalla. Ana koya wa mutane tsoron maƙwabci ne kawai."

"To me ya sa ba ka taɓa barin Lahadi ta wuce ka ba?"

"Don in ji daɗin zaginsa."

Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Jula mai kwandon ayaba, da alama ta zauna da Hausawa, ta matso ta taɓa masa gwiwa.

"Yako," ta ce a hankali, sannun mutanen nan. "Ta dawo?"

Ya girgiza kai.

Da ya sake duban ruwan, shanun sun tafi.

*

Gidan Ja'afaru gidan haya ne mai ɗakuna birjik da tsakar gida ɗaya. Da Nomau ya yi sallama, duk mai wanki da mai suyar ayaba ta tsaya cak.

Iklima, matar Ja'afaru, ita ta fara.

"Espiyo, ɗan leƙen asiri, ya iso! Kowa ya ɓoye sirrinsa."

"Iklima, shiga ciki," in ji Ja'afaru.

"Ina tsince shinkafa."

"Tsince a ciki."

"Ba haske."

Ba ta motsa ba.

Ja'afaru na zaune a kujerar roba da jaridu a cinya. Ɗan kasuwa ne, ya yi boko, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Kusa da shi a kan buzu Malam Abdulra'uf ne, limamin unguwa, tsoho mai carbi.

Nomau ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam. Yaya Ja'afaru, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarka. Ka ga jaridun yau?"

"Ba na karatu."

"To bari in karanta maka." Ya buɗe ta farko. "Wannan ya ce, a ƙarshen kashin jiya ɗan leƙen asirin ya ba da umarnin kashe minista idonsa cike da hawayen ƙiyayya. Wai ba a taɓa ganin mugu irinka a telen ƙasar nan ba. Wai muryarka ta maciji ce."

Iklima ta ajiye faranti. "Hawayen ƙiyayya! Lokacin fa yake cewa silifanta na nan a bakin ƙofa, bai iya ɗaukewa ba."

"Iklima."

"Na yi shiru."

Ya buɗe ta biyu. "Wannan kuma ya ce fim ɗin guba ne, a dakatar da shi, yana nuna duk baƙo mai tukuba maƙiyi ne. Ya ce kai kanka ka sayar da mutanenka. Ka ji? Ɗaya ya ce kai maciji ne, ɗaya ya ce kai maci amana ne. Ni duk ba su dame ni ba."

Ya watsar da jaridun a ƙasa.

"Abin da ya dame ni, Nomau, biko da dattawa ake yi. A zo da goro, a shiga ɗaki, a rufe ƙofa. Kai ka yi naka da ƙasa gaba ɗaya. An kira ni daga Buwake. An kira ni daga Korogo. Wani dillalin shanu da ban taɓa gani ba ya tare ni a masallaci, wai in ji tsoron Allah in mayar maka da matarka. Ka gaya wa duniya ƙanwata tana minshari!"

"Ban ce minshari ba."

"Me ka ce?"

"Numfashi."

"Ka ce kamar na ɗan kyanwa!"

Wata daga cikin matan gidan ta toshe baki da zane.

"Me ya hana ka zuwa nan kamar mutum?"

"Na zo."

"Ka zo bakin layi. An gan ka. Ka tsaya jikin falwaya kamar kai ma falwayar ce, ka juya. Wannan zuwa ne?"

Nomau ya sunkuyar da kai.

Malam Abdulra'uf ya yi gyaran murya.

"Alhaji Ja'afaru, faɗa ba zai raba mana wannan ba. Ni dai kun sani ba na kallon tele."

"Mun sani, Malam."

"Sai dai tagar maƙwabcina ba labule." Ya juya ga Nomau. "Yaro, maimaita min abin da ka faɗa jiya, bayan sojan nan mai tabarau ya wuce."

Nomau ya amsa, kansa a ƙasa.

"Na ce, na mayar da ke ɗakinki, Zalihatu, ko kin ji ko ba ki ji ba."

"A ƙasa kuma aka rubuta, ranar Juma'a za mu gama da shi," in ji Ja'afaru. "Fim ne, Malam! Wasa ne! Har gemun ƙarya suka manna masa."

"Gemun na ƙarya ne. Bakin fa?" Malam ya ja carbi. "Aure da saki da kome ba a wasa da su, ko a fim ko a kasuwa. Nomau, da ka faɗa, ka yi niyya?"

"Na yi."

"Akwai mutane a wurin?"

"Da yawa."

"Sun ji?"

"Ba mai jin Hausa."

"To me suka yi?"

"Sun tafa."

Iklima ta kifa kai a cikin faranti, kafaɗunta na rawa.

"Shaida abin so ce, amma rashinta ba ya ɓata kome," in ji Malam. "Abin da ke ɓata shi lokaci ne. Jiya aka nuna, amma ba jiya ka faɗa ba. Yaushe aka ɗauka?"

"Satin da ruwa ya ci unguwar Bracodi."

Malam ya rufe ido, leɓensa na motsi, yana lissafi daga ranar sakin. Man ayaba na ta ƙara a kasko.

"Satin nan a kan gaɓa yake," ya ce. "Zai iya zama idda ba ta cika ba, to matarsa ce tun ranar, ba auren da za a ɗaura Juma'a. Zai iya zama ta cika, to maganarsa ta bi iska. Ni ban sani ba. Kai ba ka sani ba. Mutum ɗaya ce ta sani, kuma shari'a bakinta ta yarda da shi."

Kowa ya dubi labulen ɗakin ƙurya.

Labulen ya motsa.

*

Zane ruwan ɗorawa ta ɗaura.

Nomau ya ji kamar har yanzu yana cikin jirgin, ƙasa na tangaɗi a ƙarƙashinsa. Ta rame kaɗan. An sa mata lalle a hannu, jajir, na amarci, bai gama kamawa ba.

Ta durƙusa ta gaida Malam. Ba ta dubi Nomau ba.

"Kin ji abin da ake yi, 'yata?"

"Na ji, Allah gafarta Malam."

"To amsa ɗaya ce. Satin ruwan Bracodi, iddarki ta cika ko da saura?"

"Malam, in na ce ta cika, wa zai ƙaryata ni?"

"Babu, sai Allah."

"In na ce da saura fa?"

"Haka nan."

"To a ba ni dama in yi tambaya tukuna."

Ja'afaru ya buɗe baki, Malam ya ɗaga masa hannu.

Sai a lokacin ta juyo.

"Kai."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun aurensu, yau ma ba ta kira ba.

"Ban taɓa kallon fim ɗinka ba. Duk Lahadi matan gidan nan suna taruwa, ni ina ɗaki. Ta bango nake ji. In na leƙa, wani mutum zan gani da hular da ba taka ba. Amma in na kwanta na rufe ido, sai in ji kamar rufin ɗakin ya buɗe, murya tana saukowa a hankali kamar yayyafi. Ka ce hayaƙin tukubarka kullum Tireshbil yake nufa ko da iska ta juya. Ka ce ka yi mafarki Ajame ta zama rafi, motocin tasha sun zama kwale-kwale, kana tsaye a baki kana duba kowanne ko ina ciki. Na ji duka."

Ta miƙe tsaye.

"Wayar nan da kake riƙewa, wa ke ɗaya gefen?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Ba a jona ta ba. Igiyar a ƙasa take."

Ta yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Shekara da shekaru ina gabanka da kunnuwa biyu. In kawo abinci, ka ce uhm. In ce uwata ba lafiya, ka ce uhm. In yi sabon kitso, ko uhm ɗin babu. Ashe maganar na nan jibge a cikinka, wayar da ba igiya kake jira."

"Zalihatu..."

"Alhaji Abdurrashid ba ya mafarkin rafi. Amma ya zo nan ya zauna, ya tambaye ni me nake so, na faɗa, ya amsa. Kamar mutane. Ba wanda ya tilasta ni, ni na ce to."

"Ka ji ko," in ji Ja'afaru.

"Yaya, ban gama ba." Ta matso taku ɗaya. "Ni ba zan zauna da tele ba. Fim zai ƙare. An ce ma Lahadi mai zuwa za su harbe ka. In sun harbe ka, wa zai yi min magana? To ga ni. Ba darakta, ba rubutu a ƙasanka. Dube ni ka yi min magana. In na ji, zan ba Malam amsarsa."

Nomau ya ɗago ya dube ta.

Bakinsa ya buɗe.

Ya rufe.

Ya sake buɗewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mutumin da ya sa matan Hausawa kuka daga Abijan har Korogo, ga shi tsugune, harshe ya zama dutse. Idonta ne. Tun ranar da aka kai masa ita, in ta dube shi sai kalmomi su watse kamar kaji.

Ayabar da ke kasko ta ƙone, ba wadda ta kula.

"Uhm," in ji Nomau.

Iklima ta ce, "Innalillahi."

Zalihatu ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ta zata ke nan. Ta juya za ta koma ɗaki.

Nomau ya miƙe zumbur.

Bai bi ta ba. Bango ya nufa, wajen famfo, ya ba kowa baya, goshinsa ya kusa taɓa siminti. Ya dunƙule hannu, ya miƙe babban yatsa da ƙarami, ya kai kunne.

"Alo."

Ta tsaya, hannunta a kan labule.

"Alo, Zalihatu. Ni ne."

Muryar ta canza. Ta yi ƙasa, ta yi laushi, ita ce ta Lahadi.

"Yanzu na zo ta ruwa. Na ga shanu suna tafiya a kan lagin, suna komawa gida, kina kan na gaba da zanen nan da ke jikinki. Na so in kira ki, na ji tsoro ki waiwayo. In kin waiwayo ba na iya magana. Ba raini ba ne. Ranar da kika yi kitson nan mai kama da kwando, na gani. Na je tasha na ƙona nama har sau biyu ina tunaninsa. Ranar da kika ce uwarki ba lafiya, na fita na zauna bayan tukuba na yi kuka, na ce wa mutane hayaƙi ne."

Malam ya daina jan carbi.

"Da kika ce in yi magana ko in sake ki, maganar ce ta taso, ta yi yawa, ta toshe. Sai ƙaramar ta samu hanya ta fito. Tun ranar ban kwana a gado ba. Silifanki na nan. Ina share gefensu, ba na taɓa su. Ni ba zan iya zama Alhaji Abdurrashid ba. Amma in kin yarda, kullum in na dawo zan juya bango in kira ki. Ki zauna a bayana ki ji. Wata rana ƙila in iya juyowa. Ban yi alkawari ba. Ƙila."

Sai aka ji hon a ƙofar gida.

Mota ce ta tsaya, aka ji ƙofofi na buɗewa, aka ji guɗa. 'Yan uwan Alhaji Abdurrashid ne suka kawo akwatuna da huhun goro, kamar yadda aka shirya tun makon jiya. Ja'afaru ya manta da su sam.

Ya miƙe a firgice.

"Zalihatu, ga mutane a ƙofa. Ba Malam amsa yanzu, kafin su shigo."

Ba ta dube shi ba. Bayan Nomau take kallo, rigar ta jiƙe da gumi, hannunsa a kunne.

"Salamu alaikum, masu gida!" in ji wata murya daga zaure. "A zo a tare mu, kayan da nauyi!"

Zalihatu ta saki labulen.

Ta ɗaga hannunta mai lalle, ta miƙe babban yatsa da ƙarami, ta kai kunne.

"Kar ka ajiye," ta ce. "Ina zuwa."

Akwatin farko ya shigo tsakar gida a kan wata mata.

Zalihatu ta juya ga Malam Abdulra'uf, hannun na nan a kunnenta.

"Allah gafarta Malam, sake tambayar."